Wa ke raɗa wa duwatsun sama suna?

A wani taron suna da na je kwanakin baya, bayan liman ya shafa fatiha an raba goro da dabino, sai gardama ta kaure a kan tabarma. An raɗa wa jaririya Hauwa'u, amma kakarta ta wajen uba ta aiko daga cikin gida cewa ita dai Laraba za ta riƙa kiranta, tunda ranar Laraba ta zo duniya. Wani dattijo ya ce ai ba laifi, dama kafin a yanka rago kowane ɗa yana da sunan da ranarsa ta ba shi, ko Ɗanladi, ko Talatu, ko Jummai, ko Azumi in ya faɗo cikin watan azumi. Sunan yanka kuwa sai uba ya buɗe baki. Ina zaune ina tauna goro sai hankalina ya tafi kan wani dutse mai faɗin kusan rabin kilomita da ke kewaya rana, wanda ya yi kusan shekara 14 yana amsa sunan rana kafin a yi masa na yanka.

An fara ganin dutsen nan ranar 11 ga Satumba, 1999, sai aka rubuta shi 1999 RQ36. Wanda bai sani ba zai ɗauka lambar mota ce, alhali kuwa Laraba ce irin ta masana taurari. Sun raba shekara gida 24, kowane rabin wata da harafinsa, kuma R na farkon Satumba ne. Q da 36 su ke nuna layinsa, wato shi ne na 916 da aka gani cikin waɗannan kwanaki 15. Duk wani ƙaramin dutse da aka hango a sararin samaniya da irin wannan sunan yake farawa. Sai an bi sawunsa shekara da shekaru, an tabbatar da hanyar da yake bi ta yadda ba zai sake ɓacewa ba, sannan a ba shi lambar dindindin. Shi wannan ya samu 101955. Daga nan ne ƙofar suna ke buɗewa. A 2013 aka yi gasa tsakanin 'yan makaranta, aka samu shawarwari sama da 8,000, wani yaro ɗan shekara 9 daga Amurka ya ci da sunan Bennu, wani tsuntsu mai kama da zalɓe a tatsuniyoyin Misirawan dā. Shi ne dutsen da kumbon Amurka ya je ya ɗebo ƙurarsa, gram 121 da ɗoriya, ya jefo ta a hamadar Utah a Satumban 2023.

Irin waɗannan duwatsu su ake kira ƙananan duniyoyi. Yawancinsu suna tsakanin Mars da Jupita, wasu suna giftawa kusa da mu, wasu kuma suna can bayan Neftun cikin duhu da sanyi. An san fiye da miliyan ɗaya, amma waɗanda ke da sunan yanka ba su kai 30,000 ba. Na daɗe ina bin jerin sunayen nan, kuma abin da na fahimta shi ne, labarin duwatsun kaɗan ne a cikinsa. Mafi yawa labarin mutane ne, waɗanda suka mallaki madubin hangen nesa, da waɗanda suka biya kuɗinsa, da waɗanda ake so a faranta wa rai a lokacin. Ƙa'idar tun farko ɗaya ce, wanda ya fara gani shi ne uba.

A dubi na farkonsu. Daren 1 ga Janairu, 1801, wani limamin Katolika mai nazarin taurari a birnin Palermo na tsibirin Sisili, Giuseppe Piazzi, ya ga wani ɗigon haske da ke motsi. Ya bi shi kwana arba'in da 'yan kai, rashin lafiya ta kwantar da shi, abin kuma ya shige cikin hasken rana ya ɓace. Wani matashin Bajamushe masanin lissafi, Carl Gauss, mai shekara 24, shi ya zauna da alƙalami ya lissafa inda za a sake samunsa, kuma kafin shekarar ta ƙare aka same shi a wurin. Da Piazzi ya tashi raɗa suna sai ya ce Cerere Ferdinandea. Rabin farko na Ceres ne, abar bautar Romawa ta noma wadda mutanen Sisili ke ɗauka tasu ce. Rabi na biyu kuwa na Sarki Ferdinand ne, mai mulkin tsibirin. Masana na sauran ƙasashen Turai suka ce a'a, sarkinka naka ne, aka yanke wutsiyar aka bar Ceres. Wato tun dutse na farko an yi fadanci, an kuma yi gardama a kan fadancin.

Gardamar ta dawo a 1850, lokacin da John Hind ya gano na 12 daga Landan ya kira shi Victoria, daidai lokacin da Sarauniya Victoria ke kan gadon sarautar Ingila. Wasu Amurkawa suka ƙi, har editan wata mujallar taurari a can ya riƙa rubuta Clio a maimakonsa. Aka kare Hind da cewa ai Romawa na da abar bauta mai wannan suna, ta cin nasara, kuma sunan ya zauna. Kowa dai ya san dawan garin. Shekara bakwai bayan haka Faransawa ba su ma tsaya neman fakewa ba, suka sa wa na 45 Eugenia, sunan matar Napoleon na Uku.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Johann Palisa na Biyana, mutumin da ya gano duwatsu 122 da idonsa. A 1885 yana neman guzurin tafiya kallon husufin rana, sai ya yi shelar cewa zai sayar da damar raɗa suna a kan fam 50. Attajirin nan Albert Rothschild ya saya, aka sa wa dutse na 250 Bettina, sunan matarsa. Catherine Bruce ta Amurka ta ba da kuɗin ƙera madubi, Max Wolf na Jamus ya saka mata da Brucia. Attajirai Carnegie da Rockefeller su ma suna can sama, amma an ɗaura musu zane, an mai da su Carnegia da Rockefellia, domin al'adar wancan zamani ita ce sunan mace kaɗai ake sawa. Hatta Piazzi da Gauss da aka tashi karrama su da lamba 1000 da 1001, Piazzia da Gaussia aka rubuta. Eros, wanda aka gano a Balin a 1898, shi ne na farko da ya sha da sunan namiji, shi ma don hanyarsa ta bambanta da ta sauran, tana kawo shi kusa da duniyarmu.

Yau abin ya fi tsari. Akwai wata cibiya da aka kafa a 1947 a Cincinnati, ta koma Cambridge ta jihar Massachusetts a 1978, ita ke tattara bayanai tana ba da lamba. Suna kuwa sai wani ɗan kwamiti na Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ya amince. Wanda ya gano dutse yana da shekara 10 bayan an ba da lamba ya kawo shawararsa, tare da gajeren bayanin dalili. Kada sunan ya wuce harafi 16, ya zama ana iya furta shi a wani harshe, kada ya zama na cin mutunci ko na tallar kaya, kada ya yi kama sosai da wanda ke akwai. Sunan dabbobin gida ma ba a so, tun bayan da wani masani, James Gibson, ya sa wa dutse na 2309 sunan kyanwarsa, Mr. Spock.

Akwai ƙa'ida guda da nake tsayawa in jinjina mata duk lokacin da na tuna. Mutumin da aka sani da siyasa ko yaƙi, ba a sa sunansa sai ya shekara 100 da mutuwa. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, su masana taurari sai suka ninka har suka ƙara. Sun koyi darasi ne daga tarihinsu, domin suna idan ya shiga jerin ba ya fita. Na kan yi tunanin yadda titunanmu da makarantunmu da asibitocinmu za su kasance da muna da ko rabin wannan haƙuri. A nan mutum yana kan kujera ake kafa allo da sunansa, wanda ya gaje shi ya zo ya kankare ya rubuta nasa, mai adaidaita sahu kuma ya ci gaba da kiran wurin da sunan da ya tarar tun yana yaro.

Na san mai karatu zai lura cewa sunayen gumaka sun yi yawa a labarin nan, kuma Musulmi yana da dalilin jin wani iri. Ni ma na ji. Sai dai Turawan ƙarni na 19 da suka fara wannan al'ada ba bauta suke yi ba, yawancinsu Kiristoci ne da suka yi karatun Girkanci da Latin a makaranta, tatsuniyoyin Girkawa da Romawa su ne rumbun sunayen da duk suka sani, kuma ba na wata ƙasa ɗaya ba ne balle a yi kishi. Mu ma kullum muna rubuta Janairu da Maris a kan takarda ba tare da wani ya tuna Janus ko Mars ba. Sukan kuma yi wasa da sunayen. Duwatsun da ke tafiya gaba da bayan Jupita a kan hanyarta an raba su sansani biyu, na gaba suna ɗauke da sunayen mayaƙan Girka, na baya na mutanen Troy, kamar yadda aka ja dāga a tsohon labarin yaƙin. Kafin tsarin ya zauna an riga an yi kuskure biyu, Hektor ɗan Troy ya faɗa cikin Girkawa, Patroclus Bagirke ya faɗa cikin mutanen Troy, har yau ana ce musu 'yan leƙen asiri. Da Mike Brown da abokansa suka gano wata duniya can bayan Pluto a 2005, abin ya haddasa rigimar da ta kai ga taron birnin Prag na 2006, inda aka sauke Pluto daga sahun manyan duniyoyi aka manna mata lamba 134340 kamar kowa. Sai suka raɗa wa mai haddasa fitinar Eris, abar bautar Girkawa ta husuma. Suna linzami.

Daga farkon wannan ƙarni rumbun ya faɗaɗa. Quaoar daga mutanen Tongva ne, 'yan asalin yankin da Los Angeles take yanzu. Sedna daga Inuit na ƙasar ƙanƙara. Makemake daga tsibirin Rapa Nui. Dutsen da kumbon New Horizons ya wuce ta gefensa ranar 1 ga Janairu, 2019, da farko laƙabin Ultima Thule aka yi masa, sai aka yi ca saboda 'yan Nazi sun taɓa amfani da kalmar, aka koma aka nemi izinin dattawan ƙabilar Pamunkey aka sa masa Arrokoth, wato sama a harshen Powhatan. Akwai ma wanda aka ba suna daga harshen mutanen Juǀʼhoan na Namibiya, da alamomin ƙyas-ƙyas ɗin harshensu a rubuce yadda suke. Wanda ya karɓi wannan ba shi da bakin cewa ƙ da ɗ da ɓ sun yi masa wuya.

Duk wannan ci gaba ne, ban musa ba. Amma in aka duba da kyau, a mafi yawan lokuta mai gani yana Kalifoniya ko Arizona, shi ya ga dama ya ɗauko kalma daga harshen wasu. Kyauta ce, kuma kyauta sai mai ita ya so. Inda na ga an yi abin da ya fi kyauta shi ne Hawai. Manyan madubai na duniya suna kan duwatsun tsibiran, ciki har da Mauna Kea da 'yan ƙasar ke girmamawa, kuma an daɗe ana takun saƙa a kan haka. Harshensu kuwa an hana koyarwa da shi a makarantu tun 1896, sai a shekarun 1980 aka fara farfaɗo da shi. Bayan da madubin Pan-STARRS ya hango baƙon dutsen nan da ya shigo daga wajen gidan rana a Oktoban 2017 aka kira shi ʻOumuamua, manzon farko daga nesa, sai wata cibiya a garin Hilo ta kafa shirin da ke zaunar da ɗalibai masu jin harshen tare da malamansu da masana taurari. A yi musu bayanin halin dutse, su kuma su koma cikin tsofaffin waƙoƙinsu su ƙera sunan da ya dace. Ta haka aka samu Kamoʻoalewa, gutsuren da ke lilo, dutsen da kumbon ƙasar Sin ya tashi zuwa gare shi a Mayun 2025. Yaran nan ba aron harshensu aka yi ba, da su aka zauna a kan tabarma.

To ina Afirka? Tana nan, kuma yadda ta shiga jerin shi kansa darasi ne. A shekarun 1930 wani Cyril Jackson, haifaffen Ingila, yana aiki a cibiyar taurari ta Johannesburg, ya gano duwatsu 72. Ya buɗe taswira ya yi ta rabo. 1193 Africa, 1268 Libya, 1278 Kenya, 1279 Uganda, 1428 Mombasa, 1430 Somalia, 1432 Ethiopia, har da 1246 Chaka don sarkin Zulu. A cikinsu akwai 1197 Rhodesia. Ƙasar ta zama Zimbabwe tun 1980, an ture gunkin Cecil Rhodes a jami'ar Cape Town a 2015, amma a sama Rhodesia na nan tana kewaya rana, ba mai goge ta. Taswirar Afirka da ke can ta zamanin mulkin mallaka ce, ta karkata kudu da gabas, domin a can madubin yake. Aljeriya ta samu El Djezaïr a 1916 saboda Faransawa na da cibiya a Aljiyas. Afirka ta Yamma ba ta da irin wannan cibiya a lokacin, shi ya sa rabonta ya zama ɗan kaɗan.

Na baya-bayan nan sun fi daɗin ji. A 2023 aka sa wa wani ƙaramin dutse Dinkinesh, sunan da Habashawa ke kiran ƙasusuwan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum da aka tono a yankin Afar a 1974, ma'anarsa a Amharik "ke abin mamaki ce". Da kumbo ya wuce ta wurin a Nuwamban shekarar ya tarar dutsen na da ɗan wata, aka kira shi Selam, kalmar da duk mai jin Hausa zai gane 'yar uwar salama ce. Amma misalin da ya fi kusa da mu na Senegal ne. A Agustan 2018 masana daga Amurka da Faransa suka zo da madubai, suka haɗu da 'yan ƙasar, aka bazu cikin karkara da dare ana jiran daƙiƙar da Arrokoth zai gifta gaban wata tauraruwa ya tare haskenta, don a auna girmansa da siffarsa. Aka sake irin wannan aiki a 2020 da 2021 kan wasu duwatsun. Mutumin da ya jagoranci shirin a ɓangaren Senegal, Maram Kaire, shi ne yanzu sunansa ke kan dutse na 35462. Maroko ma ta kafa cibiya a kan tsaunin Oukaïmeden, ana gano duwatsu daga can, har jami'ar Cadi Ayyad ta Marrakesh ta samu nata a sama. Su waɗannan raɓa ta dake su kafin a kira sunansu.

Ba yau aka fara ba kuma. Duk wanda ya buɗe taswirar taurari ta zamani zai ci karo da Aldebaran da Rigel da Altair da Deneb da Vega, duk Larabci ne da bakin Turawa ya tauna. Ba alfarma aka yi wa Larabawa ba. A ƙarnonin da masu kwana suna auna sama suke Bagadaza da Isfahan da Samarƙand, yawanci da Larabci ake rubuta sakamakon, irin littafin taurari da Abdurrahman al-Sufi ya kammala wajen shekarar 964. Da madubi ya koma hannun wasu, raɗin suna ya bi shi. Yanzu su al-Sufin ne ke jiran wani ya tuna da su, kuma an tuna, akwai 12621 Alsufi, da 9936 Al-Biruni, da 11156 Al-Khwarismi, da 2755 Avicenna wato Ibn Sina, da 2439 Ulugbek. Haka Malala Yousafzai ta samu 316201 a 2015, don wata masaniya Ba'amurkiya, Amy Mainzer, ta ga dacewar hakan. Mu ma ba mu rasa waɗanda suka cancanta ba. Muhammad al-Katsinawi, malamin lissafi da falaki da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya cika kowane sharaɗi. Nana Asma'u ma haka. Ko Gamzaki, tunda kakanninmu sun san shi, sun san Zara matar wata da Kaza da 'Ya'yanta. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya a matsayin uba.

Akwai wata ƙofa guda da sunanmu ya shiga ilimin nan ba tare da madubi ba. Dutsen da ya faɗo ƙasa, ƙa'idarsa daban ce, sunan wurin da ya faɗa ake ba shi. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gonar wani manomi kusa da Zagami a lardin Katsina, daga baya bincike ya nuna gutsuren duniyar Mars ne. Yau duk masanin duwatsun Mars a duniya ya san kalmar Zagami. Duwatsun da suka faɗo a Mayo Belwa a 1974 da Gujba a 1984 su ma sunan wurin suka samu. A kwatanta da wanda aka tsinta a yankin Agadas a Nuwamban 2023, mai kusan kilo 25, gutsuren Mars mafi girma da aka taɓa samu. An yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe binciken yadda ya fita daga ƙasar. Sunansa a rajista NWA 16788, wato arewa maso yammacin Afirka, lamba kaza. Irin sunan da ake ba duwatsun Sahara ke nan waɗanda suka bi ta hannun dillalai. Dutse ya tafi, kuɗi sun tafi, ko sunan Agadas bai rage a jikinsa ba.

Wani zai ce, malam, ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na fama da tsadar masara kana zancen sunan dutse. Maganarsa na kan hanya, suna ba ya cika tukunya. Sai dai sunan ba shi ne aikin ba, shaida ce cewa an yi aikin, kuma aikin ya shafe mu ko mun so ko mun ƙi. A Oktoban 2008 wani madubi a Arizona ya hango dutse mai faɗin mita huɗu, aka lissafa cewa cikin ƙasa da kwana guda zai faɗo arewacin Sudan, kuma da asubar 7 ga wata ya tarwatse a saman hamadar Nubiya. Shi ne karo na farko da aka ga dutse kafin ya iso. Bai ma samu lamba ba balle suna, da 2008 TC3 ya mutu. Ɗaliban Jami'ar Khartum ne suka jeru suka taka hamada suka tsinto gutsattsarinsa, aka kira su Almahata Sitta, tasha ta shida a layin dogon Wadi Halfa. Da girmansa ya ninka sau goma, da labarin ba na ɗalibai da tsintuwa ba ne, kuma gargaɗin daga wata nahiya zai fito.

Hanyar shiga kuwa ba ta kai tsadar da ake zato ba. Tun 2006 akwai wani shiri da wata jami'a a Texas ta fara, wanda ke raba wa ƙungiyoyin ɗalibai hotunan da manyan madubai suka ɗauka, kyauta. Abin da ake buƙata kwamfuta ce da intanet da malami mai haƙuri. Hotuna ne na wuri guda a sama da aka ɗauka da 'yar tazara, manhaja ta riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya, taurari suna tsaye cik, ɗalibi ya zuba ido yana neman ɗigon da ya matsa. In ya samu ya auna ya aika. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, suna shiga. Amma daga sunan rana zuwa lambar dindindin akan ɗauki shekaru, yaron da ya gani yana aji biyar na sakandare wataƙila sai ya gama jami'a za a ce ya kawo suna. Lokaci kuma ba ya jira, domin sabuwar cibiyar Vera Rubin da ke Chile ta gano sababbin duwatsu 2,104 cikin kimanin awa 10 na gwajinta na farko a 2025. Waɗanda ba su da suna za su ƙaru ninkin ba ninkin, na'ura ce kuma za ta riƙa fara gani.

Gajeriyar hanya dai babu. Na taɓa ganin wani ango yana nuna takarda mai zanen zinariya a waya, wai ya saya wa amaryarsa tauraruwa daga wani kamfani a intanet, da dala. Ban ce masa komai ba, ranar farin cikinsa ce. Amma Ƙungiyar Masana Taurari ta sha faɗa cewa ba ta sayar da suna, ba ta kuma san da waɗannan takardu ba. Ko Rothschild da ya biya fam 50, wurin mutumin da ya ga dutsen da idonsa ya biya.

Ranar Juma'a 13 ga Afrilu, 2029, wani dutse mai faɗin kimanin mita 340 zai wuce kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan Adam na talabijin suke. A ƙarshen 2004 an tsorata da shi, har lissafi ya nuna yiwuwar karo ta kai kashi 2.7 cikin ɗari, daga baya aka tabbatar ba zai taɓa mu ba. Masana uku da suka gano shi daga Arizona sun sa masa Apophis, macijin duhu na Misirawan dā mai neman haɗiye rana. Afirka na cikin inda za a fi ganinsa, da ido kawai, ba madubi. Zai fi kusantowa wajen ƙarfe 11 saura na dare agogon Najeriya da Nijar, a ƙarshen watan sama, ba farin wata, cikin zafin bazara lokacin da rabin gari ke kwance a tsakar gida. Yara za su ga ɗigon haske yana ratsa taurari a hankali, su tambayi iyayensu sunansa.